Tafkin da Ke Bayan Tudu

Tun ranar da Baba ya miƙa makullin tirela ya dawo gida, kujera ɗaya ya sani. Fara ce ta roba, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, tana baranda tana fuskantar ƙofar gida. Likita ne ya ce idanunsa sun daina jure hasken fitilun motoci, kamfanin da yake ja wa kaya tun kafin a haife mu kuma ya yi masa godiya ya sallame shi da agogon bango. Da safe zai fito ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa da ɗan tazara a tsakaninsu, daidai faɗin sitiyari. Ban sani ba ko ya san yana yin haka. Ba ya ƙorafi, ba ya faɗa, abinci ma sai Mama ta tsaya a kansa yake ci.

Wata Asabar Mama ta tara mu a kicin, mu huɗu, ta turo ƙofa. Ba ta yi dogon bayani ba.

"Ubanku zai yi tsatsa a kujerar nan," ta ce. "Ku san yadda za ku yi ya tashi."

Babban Yaya ne ya kawo shawarar tafiya hutu. Ya ce kowa ya nemi mako guda a wurin aikinsa, a ɗauki Baba da Mama a kai su wani wuri. A gidanmu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shi yana kantin magani, Yaya Tela tana da shagon ɗinki da ba ya son a rufe shi, Auta tana koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, ni kuma ina ɗakin karatu na jami'a. Da ƙyar muka samu mako ɗaya da ya yi wa kowa daidai, kuma in ya wuce, sai dai wata shekarar.

Da aka faɗa wa Baba, ya daɗe yana kallon ƙofar gida kafin ya amsa.

"Ku je ku daidaita. In kun zo mini da wuri ɗaya, na bi ku. In kun zo da huɗu, ga kujerata."

Ya san 'ya'yansa.

Babban Yaya, wanda muke kira Bayan Abinci a bayan idonsa saboda ko ruwa ya ba ka sai ya faɗa maka lokacin sha, yana son a hau jirgi a sauka a otal mai wurin ninkaya, inda babu wanda zai ɗaga masa riga ya nuna masa ƙurji. Yaya Tela ta ce ita ba za ta rufe shago don ta je ta kalli ruwa a rami ba. Tana son gari mai babbar kasuwar yadi, inda za ta taɓa kaya da hannunta. Auta ta ce hutun da ake yi a kwance sunansa jinya, ita tsauni take son hawa. Mama ta ce duk inda ba za ta ga tukunya ba ya yi mata, amma na lura ta wanke 'yar jakar da take tara rassan furanni a ciki, irin waɗanda take karyowa a gidajen mutane in ta ga masu gidan sun juya baya.

Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma hakan ya yi mini daɗi. Aikin da aka ba ni shi ne kai saƙo, don ni ce Baba yake ɗan sakin baki da ita. Madubin Gefe yake kirana tun ina ƙarama. Ya ce ina ganin duk abin da ke tahowa daga baya amma ba na yin hon.

Abu biyu ne kawai 'yan uwana suka yarda da su ba gardama. Na farko, ba za a bi hanyar mota ba. Babban Yaya ya ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan kwalta ba a yi masa kyautar kwalta, kamar dai shi Yayan a naɗe masa kwalin magani ne a ce ga tsaraba. Na biyu, ba za a kai Baba inda ya taɓa zuwa ba. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni.

Nan matsalar ta fara. Duk garin da aka ambata, sai in ɗauka in kai baranda. Baba zai ce ya je can ya fi a ƙirga. In dawo in faɗa, a jefar da shi a nemo wani. Kasuwar da Yaya Tela take so, ya kai mata dilolin yadi har masu dako sun san hon ɗinsa. Tsaunin Auta, ya hau shi da rana ya hau shi da ruwan sama. Wurare suka yi ta ƙarewa a hannunmu, har ya rage sai waɗanda ba a zuwa sai ta sama. Da na nuna masa hoton otal ɗin Babban Yaya a waya, ya kawo ta kusa da ido, ya nisantar, ya ce, "To." Na san ire-iren "to" ɗin Baba. Wannan irin wanda yake ce wa likita ne.

Ban yi niyyar bincike ba. Abin da ya faru shi ne, ni ban taɓa zuwa ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba, sai a littattafan da nake jerawa a kanta, kuma ga mutumin da ya je duka yana zaune ba abin da yake yi. Sai na fara kawo masa shayi da yamma in na dawo aiki, in zauna a kan dakalin baranda, in tambaye shi yadda wuraren suke.

Na fara da kasuwar. Fuskarsa ta saki. Ya ce a bakin ƙofarta akwai wata kwata da ta karya sifirin motoci da yawa, sai ka shige ta a karkace. Akwai mai gadi mai usur da ke ba da hannu a juye, in ya ce dama to hagu yake nufi. Akwai wurin da ake yin ribas tsakanin bango da turken lantarki, wanda in ka yi shi ba ka goga ba, ranar ka ci abinci da daɗi. Na ce to cikin kasuwar fa, yaya yake?

"Mutane dai," ya ce. "Ana jin hayaniyarsu."

Washegari na tambaye shi tsaunin. Ya faɗa mini giyar da ake hawa da ita, da kwanar da birki yake fara ƙauri in ana gangarowa, da inda yake tsayawa ya sa dutse a bayan taya ya bar inji ya huce. Na ce an ce daga sama ana hango gari uku. Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa tun dawowarsa, ya ce direban da ya juya ya kalli garuruwan nan, shi da su za su gaisa a ƙasa.

Na koma ɗaki ina juya maganar. Duk abin da ya faɗa mini, babu wanda ya fi 'yan taku kaɗan daga bakin kwalta. Gidan mai, mai faci, rumfar shayi, ramin da ke bayan gada. Kuma na lura da wani abu: ko daga ina na ɗauko tambayar, shi a jere yake ba da labarin. Kasuwar tukuna, sai wata doguwar gada, sai wani tudu, sannan tsaunin. In na tsallake, sai ya mayar da ni baya, kamar ba zai iya kaiwa tsaunin ba sai ya bi ta gadar.

Rana ta uku na tambaye shi tudun, tunda kullum sai ya ambace shi amma bai taɓa cewa komai a kansa ba.

Ya ce akwai tafki a bayansa. Na ce babba ne? Ya ce yana jin babba ne. Na ce yana ji?

Sai ya yi mini bayani. In ka zo daidai wurin, iska tana canjawa, takan shigo ta taga da sanyi da ƙamshin laka. Da sassafe wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan ƙetare hanyar a jere su nufi bayan tudun. Mata sukan fito bakin titi da kifi a faranti, ƙafafunsu a jiƙe har ƙauri. Akwai 'yar hanyar ƙasa da ta ɓalle daga kwalta ta hau tudun, da wani allo da rana ta cinye rubutunsa. Ya ce a ransa ya ɗauka tafkin zagayayye ne kamar faranti, amma bai san dalilin da ya sa yake ganin haka ba.

"Baba, ba ka taɓa leƙawa ba?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi ko ya taɓa tuƙi da ido a rufe.

"Tirela ba ta shiga hanyar da ba ta san inda za ta juya ba. Kuma direba ba ya barin kaya. Kaya a wuyanka suke tun daga inda aka ɗaure tamfol har inda aka kwance shi. Ko fitsari za ka yi, idonka yana kan mota."

Ya kurɓi shayinsa. Can ya ƙara da cewa ya daɗe yana son ya san inda tsuntsayen nan suke sauka.

Ranar da Babban Yaya ya ce zai sayi tikitin jirgi, aka sake taruwa a kicin, kuma a ranar komai ya so ya watse. Yaya Tela ta ce in otal ɗin nan ne, a cire ta, ta yafe. Auta ta ce Yaya yana so ne ya kai Baba wata kujerar, bambancin kawai waccan tana bakin ruwa kuma ana kawo lemo. Babban Yaya ya ce to ita da take son kai tsoho mai ciwon ido kan dutse, ta tanadi wanda zai goyo shi. Murya ta hau murya. Mama tana goge murhun da ta riga ta goge. Daga baranda muka ji Baba ya yi gyaran murya ya ce, ba da ƙarfi ba, da alama dai kujera ce ta ci.

Ni magana a cikin mutane tana yi mini wuya, ko da mutanen 'yan ɗakinmu ne. Sai da na riƙe bakin teburi.

"Baba bai je ko'ina ba," na ce.

Yaya Tela ta yi dariya ta ce yau Madubi ta yi hon. Babban Yaya ya tambaye ni ko na sha wani abu ba tare da na ci abinci ba. Amma tunda na fara, na ci gaba. Na faɗa musu kwatar bakin kasuwa da mai usur, da kwanar da birki ke ƙauri, da matan da ƙafafunsu ke jiƙe. Na ce duk wuraren da muka jefar don ya je, ƙofarsu kawai ya sani. Na ce kuma ina jin a kan hanya ɗaya suke, don a jere yake faɗarsu.

Auta ta ɗauko waya ta duba taswira. Kasuwar tana nan, gadar tana nan, tsaunin yana can gaba. Tsakanin gadar da tsaunin akwai wani shuɗin tabo, ba suna a kansa sai an matso da shi sosai.

Babban Yaya ya karɓi wayar ya daɗe yana jan hoton da yatsa. Ya tambaya ko akwai otal mai wurin ninkaya a hanyar. Babu. Akwai wani masauki kusa da tafkin, mai ɗakuna kaɗan, wanda waɗanda suka kwana a ciki suka yaba wa shirunsa suka kushe fankarsa. Ya ajiye wayar ya ce shi ke nan, shi ne aka yanka, amma a sani duk wanda ya nuna masa ƙurji a tafiyar nan a hanya za a bar shi.

Ni aka sake turawa baranda.

"Wuri ɗaya?" Baba ya tambaya.

"Hanya ɗaya."

"Wuri na ce."

"Hanyarka ce, Baba. Amma a ƙaramar mota, wadda take juyawa a ko'ina. Duk hanyar da ka ce a shiga, a shiga."

Ya dubi hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ya tambayi wa zai tuƙa. Na ce Babban Yaya. Ya ce ba zai zauna kusa da mai taka birki a tsakiyar kwana ba. Auta kuma tana tuƙi kamar ana binta. Ya ce ni zan ja, tunda ni ko kunkuru ya matsa mini sai in ba shi hanya.

Motar mijin Yaya Tela muka aro, mai kujeru layi uku. Ranar da aka kawo ta, ina ɗaki na jiyo ƙarar kujerar roba a kan siminti. Na leƙa ta taga. Baba ne a tsakar gida yana zagaya motar, yana dukan kowace taya da ƙafa, yana sunkuyawa yana leƙa ƙarƙashi. Mama tana bakin kicin da cokali a hannu, ba ta motsa ba har ya gama.

Mun kama hanya da safe. Baba yana gefena, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi, yana sanar da ni kowane rami kafin in gan shi. Sai da muka yi nisa ya fara juya kai gefe. Ya ga wani gida mai shuɗiyar ƙofa ya tambayi ko sabo ne. Ginin ya girme ni.

A kasuwar muka fara tsayawa. Ya nuna mini yadda zan shiga kwatar a karkace, ya ɗaga wa mai usur hannu, wanda ashe ɗan wancan ne ya gaje shi, har da ba da hannu a juye. Na faka, kowa ya fita. Baba ya fito, ya jingina da ƙofar mota, ya harɗe hannu.

Yaya Tela ta ce ya zo mana. Ya ce su je, wa zai zauna da kaya? Aka ce za a kulle motar. Ya ce kulle ba ya hana a fasa gilashi. Babban Yaya ya ce shi zai zauna, dama kasuwa ba ta dame shi ba. Baba ya ce mai barci a zaune ba ya gadi. Muka yi, muka yi, ya ƙi. Haka muka shiga muka bar shi, kuma da muka fito, Yaya Tela da ƙunshin yadi a ka, yana nan inda muka bar shi, hannu ɗaya a kan rufin motar. Ya tambaye ni yadda cikin yake. Na faɗa masa layin masu maɓalli da zare, da rufin da aka yi da ƙyallaye kala-kala har hasken da ke sauka ya zama ja da kore. Ya saurara sosai, ya yi tambaya a kan tambaya. Ƙofar kuwa tana nan gabansa.

Muka koma mota. Ta madubi na ga fuskar Mama. Mun fito da shi daga gida, amma kamar da kujerar muka taho.

Muka haye doguwar gadar. Ba a jima ba Baba ya sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo da ƙamshin laka. Na hango allon da rana ta cinye, da 'yar hanyar ƙasa a gefensa. Na jira ya ce in shiga. Bai ce ba. Idonsa yana kan kwalta, hannuwansa a kan gwiwa, irin na wanda zai wuce. Sai na kunna sigina da kaina. Ya ji ƙarar, ya dube ni, bai hana ba.

Hanyar ta ƙare a gindin tudun, a ƙarƙashin wata bishiya, da fili isasshe na juyawa. Sai da Baba ya tabbatar da wannan tukuna. Daga nan sai a ƙafa. Auta ta riga ta yi gaba da gudu, Yaya Tela da Babban Yaya suna binta suna gardamar wanda ya manta da ruwan sha. Baba ya fito ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu.

Mama ta rataya 'yar jakar furanninta, ta gyara mayafi, ta zo ta tsaya a gabansa.

"Malam direba, me ka ɗauko yau?"

Ya ce jakunkuna, da yadin yarinyar nan.

"Jakunkuna tsummokara ne. Kayan da ka ɗauko daga gida ga su can suna hawa tudu da ƙafafunsu, ɗaya ma ta kusa ɓacewa. Ni ma yanzu zan bi su. In gadin kaya kake yi, ka san inda suka nufa."

Ta juya ta kama hawa, ba ta waiwayo ba.

Baba ya dubi motar, ya dubi tudun. Ya miƙo mini hannu, na ɗauka riƙe shi zan yi, ashe makulli yake so. Ya kulle motar, ya ja kowace ƙofa ya ji ta kama, ya sa makullin a aljihun gaba ya dafe shi. Sannan muka fara hawa. Yakan yi 'yan taku ya waiwaya. Da muka kai inda bishiyar ta rufe motar, ya tsaya cak, na ɗauka komawa zai yi. Sai ga fararen tsuntsayen nan sun wuce ta samanmu, ƙasa-ƙasa, ƙafafunsu a miƙe a baya. Ya ɗaga kai ya bi su da ido, ƙafarsa ta bi idon.

Tafkin ba zagayayye ba ne. Dogo ne, siriri, ya lanƙwasa ya ɓuya a bayan wasu duwatsu, har ba a ganin ƙarshensa. Tsuntsayen sun sauka a wani tsibirin ciyawa a tsakiya, da yawansu, suna tsaye da ƙafa ɗaya. Mama tana can ƙasa ta riga ta sunkuya a kan wata shuka mai jan fure tana waige-waige. Babban Yaya ya samu inuwa ya miƙe, hula a fuska.

Baba ya daɗe a tsaye, ya kare ido da tafin hannu. Ya ce ashe a kan ruwan suke kwana. Ya ce ashe ba faranti ba ne. Sai ya nuna inda ruwan ya lanƙwasa.

"Madubi, can bayan duwatsun fa, me ke can?"

Na ce ban sani ba.

Ya ƙara dafa aljihunsa, ya dubi 'yar hanyar ƙafa da ta bi gefen ruwan, ya ce in kira Auta, tunda ita ce mai son tafiya.